Gishiri a Kan Lagwanin Malama Edileuza

An dakatar da Malama Edileuza daga koyarwa a kan gishiri. Gishirin kuma ni na ɗebo mata shi da hannuna daga kicin ɗin makaranta. Matar da ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana koyar da kemistiri a sakandaren garin nan, ba ta taɓa babbake ko gashin girar yaro ɗaya ba, rana tsaka aka kira ta ofis aka ce ta ajiye alli ta tafi gida, wai tana yi wa 'ya'yan mutane tsafi a filin makaranta. Yanzu ta koma ajinta, na gode wa Allah, har barcina ya dawo. Amma duk wanda yake zaton zan yi shiru don an mayar da ita, bai san ni ba.

Sunana Marinalva, ni ke dafa wa ɗalibai abincin rana. A makarantar nan na yi sakandare, a kicin ɗinta kuma na tsufa. Malama Edileuza, da muke kira Leuza, ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa ba ma kiran juna da suna, sai comadre. Tun kafin haka ma layinmu ɗaya, can bayan masana'antar sukari, inda toka ke sauka a kan shanya duk lokacin da aka cinna wa gonar rake wuta. Don haka ku saurara, daga farko zan ɗauko muku.

Uwarta, Dona Quitéria, saran rake take yi. Kamar kowane gida a layinmu, idan gas ya ƙare kafin ƙarshen wata, sai a nemo gwangwanin kifi a zuba masa sifirit, wannan dai na rake da ake zuba wa mota a gidan mai, a jera bulo biyu a ɗora tukunya. Har gobe ana yi, kowa ya sani, kowa yana yin kamar bai sani ba. Wata Lahadi da rana tsaka Dona Quitéria tana dafa wake a tsakar gida, don ɗaki ya yi zafi. Ta leƙa ƙarƙashin tukunya ba ta ga wuta ba, ta ɗauko kwalba ta tsiyaya. Ashe wutar tana nan. Wutar sifirit shuɗiya ce siririya, a hasken rana ido ba ya kama ta. Ta biyo tsiyayar ta shige kwalbar, kwalbar ta yi tsartuwa a ƙirjin matar. Leuza tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ita kaɗai ce a gida. Da hannu ta dinga bugun rigar uwarta.

Dona Quitéria ta rayu, da wuya da ƙirji a tamuke har ta koma ga Allah. Ita kuma Leuza hannunta na dama ya ƙone daga wuyan hannu har gwiwa. Ni ban taɓa ganinta da riga mai gajeren hannu ba tun daga ranar, ko a watan da kwalta ke narkewa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar uwar, wadda ta yi ta nanatawa har tsufanta, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba: "Na fa duba. Na rantse da Allah na duba, babu wuta."

Leuza ta girma ta samu aikin wanke kwalabe a ɗakin awo na masana'anta, inda ake gwada ƙarfin sifirit ɗin da aka tace daga rake. A nan abin ya shiga ranta. In an tashi aiki sai ta hau bas ɗin ƙaramar hukuma ta tafi birni karatu, shekara da shekaru, har ta fito malama. Ba zan ce muku waliyyiya ce ba. Taurin kai gare ta kamar jaki a kan gada, ba ta iya doguwar gaisuwa ba, kofin da take dafawa kamar kwalta, kajinta kuma sun gama da 'yar gonar latas ɗina ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba. Amma a aji ba ta da na biyu.

Akwai gwaji ɗaya da take yi wa 'yan aji biyu kowace shekara, ta ce ko za a hana ta komai ban da shi. Ni na haddace shi, don ni ke tara mata gwangwanayen madara, daga tagar kicin kuma nake kallo. Ana zuba sifirit a 'yar kwalba mai lagwani, a ɗora ta a sikeli a ga nauyinta. A auna ruwa a zuba a gwangwani, a rataye shi saman fitilar, a tsoma ma'aunin zafi a ciki. A kunna, ana juya ruwan a hankali har zafinsa ya hau, sai a kife murfi a kan fitilar ta mutu, a sake ɗora ta a sikeli. Abin da ta rage na nauyi, shi ne sifirit ɗin da wuta ta ci. Daga nan sai lissafi: nauyin ruwa, sau yadda zafinsa ya hau, sau huɗu da ɗigo biyu, ka samu zafin da ya shiga ruwan. Ka raba da abin da ya ƙone, ka san ƙarfin wannan sifirit ɗin. Akwai wani mataki kuma da suke juya shi zuwa mol su kira amsar canjin entalpi, su sa mata alamar ɗebewa a gaba wai don zafin fita ya yi. Nan kam kaina ke tsayawa.

Iri uku take kawowa: na gidan mai, da na goge-goge da ake sayarwa a kanti wanda an sirka shi da ruwa, da wanda masu gyaran waya ke wanke ƙananan ƙarafa da shi. Yara da hannunsu suke gano cewa na kanti rago ne, na masu gyaran waya kuma ya fi duka zafi amma yana baƙanta gindin gwangwani. Amsarsu kullum ba ta kai ta littafi, sai su fara ƙorafi. Ita kuwa sai ta ce, "Littafi ba a filin nan ya yi nasa ba. Ku sa hannu nan gefe. Kun ji ɗumi? To wannan zafin naku ne, iska ke tafiya da shi. Ku tare ta." Sai ka ga yara suna kewaye fitilu da tayil ɗin rufi.

To me ya kai gwaji fili? Tambayar ke nan da babu wanda ya yi. Makarantar nan tana da ɗakin gwaje-gwaje. Tun shekarar da ruwa ya ɓarke rufinsa aka garƙame shi, yau babu komai a ciki sai karyayyun kujeru da siket-siket da malafun rawar bikin watan Yuni. Duk shekara Leuza ta tambayi shugaban makaranta, Seu Ubiratan, duk shekara ya ce ana kan magana. A aji ba za ta kunna wuta a kan tebur ba, in fitila ta faɗi a cinyar yaro za ta zube. Sai ta koma fili, ta zaɓi wuri ɗaya tak da yake da yashi babu ciyawa, wato gaban bishiyar mangwaro, daidai inda hanyar kicin ta gicciya hanyar ajujuwa. A ƙasa take jera fitilun. Ranar Juma'a take yi, don ranar ce kaɗai take da darasi biyu a jere. Farar rigar aiki take sawa, mai dogon hannu.

Fili kuma rana ce. A rana wutar sifirit ba ta ganuwa. Shi ya sa kafin a kunna kowace fitila sai ta bi da kanta ta ɗora 'yan ƙwayoyin gishiri a kan lagwani, wannan mai garas-garas na gasa nama, don shi ne ba ya zubewa. Gishiri na taɓa wuta sai ta koma ruwan ɗorawa, makaho ma ya ganta. Shi ke nan asirin. Shekara nawa tana haka.

Bana wata yarinya ta ɗauki abin a waya don ya burge ta, uwarta ta gani. Uwar ita ce Dona Jucélia, mai shagon gyaran gashi, ba ta jima da zuwa garin ba, mace mai riƙon coci da ƙarfi. Ku dubi abin da ta gani da idon mutumin garin nan: baƙar mace cikin fararen kaya, ranar Juma'a, a mararraba, gindin bishiya, ta jera wuta a ƙasa, ga kwalabe masu kama da na barasar rake, tana barbaɗa gishirin da kakanninmu ke zubawa bayan ƙofa don kambun baka, yara sun kewaye ta sun durƙusa. Kafin la'asar hoton ya shiga guruf ɗin iyaye na waya, da muryar Jucélia tana haki: "'Yan'uwa, ku buɗe ido! Ni na tura 'yata karatu ne, ban tura ta gidan ganguna wurin masu kiran iskoki ba!"

Ranar Litinin na kai kofi ofis, na samu Seu Ubiratan da Leuza. Ban fita ba, na tsaya ina goge tire.

Seu Ubiratan ya ce, "Malama, ni fa na san ba haka ba ne. Amma kin ga iyaye sun taso. Ki ɗan huta a gida har ƙura ta lafa."

Ta ce, "In ka san ba haka ba ne, ka faɗa musu mana."

"Abin da ɗan sarƙaƙiya. Shi gishirin nan, yana cikin manhaja?"

"Rufin da ya ɓarke yana cikin manhaja?"

Ya ce ba ya son rashin kunya. Ta cire farar rigar ta ninke, ta ɗauki jakarta ta fita. Ni kuwa na ce, "Seu Ubiratan, gishirin nawa ne. In tsafi ne, to da shi na dafa waken da ka ci faranti biyu ranar Juma'ar." Ya ce in koma kicin.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Leuza ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, kwantiragi ake sabunta mata duk shekara, kuma lokacin sabuntawa ya matso. Kowa ya san in shekara ta ƙare tana gida, ta tafi ke nan, ba takardar kora ba komai. A kasuwa mata suna janye 'ya'yansu in ta gifta. Abin da ya fi ƙona mini rai, tsofaffin layinmu da suka ji ihun Dona Quitéria da kunnensu suna cikin guruf ɗin nan, babu wanda ya ce uffan. Mutum ɗaya ce ta ba ni dariya, tsohuwar da ke riƙe da gidan ganguna na bayan tasha. Ta tare ni ta ce, "Nalva, ki gaya musu mu fa ba ma aiki da ma'aunin zafi." Sannan ta daina dariya ta ce, "Ko da tamu ce, sai a kore ta?" Wannan ma tambaya ce da har yau ba a amsa ba.

Na je gidan Leuza na same ta tana ba kaji dusa kamar ba abin da ya faru. Ta rame.

Na ce, "Comadre, an ce jami'a za ta zo daga ofishin ilimi, za a yi taro da iyaye. Ki je ki yi bayani."

"In je in rantse ni ba mayya ba ce? A shekaruna?"

"Ki nuna musu hannunki kawai, magana ta ƙare."

Ta kalle ni kallon da na san na taka inda bai kamata ba. "Hannuna ba allo ba ne."

"To ki zauna nan ke da kajinki. Baɗi su kawo wani ɗan gaye ya rubuta wa yara lissafin a allo, su haddace, su koma gida su tsiyaya sifirit a kan wuta."

Sai da na kai ƙofa ta ce, "Ke, bakinki kamar reza. Gwangwanayen nan suna nan?"

An sa taron a aji, Leuza ta ce ita a fili za ta yi magana, kuma da rana tsaka, in ba haka ba a yi ba da ita. Jami'ar, wata doguwar mata mai tabarau, ta ce a fita. Iyaye suka cika gindin mangwaro suna fifita da takardu. Jucélia tana gaba, ta harɗe hannu a ƙirji. Leuza ta zo da farar rigarta, da gangan. Ta sa kowa ya ja baya, ta juya musu baya ta tsuguna ta ɗan yi abin da za ta yi, sannan ta matsa gefe. Fitila biyu a kan yashi. Ɗaya tana ci da wuta ruwan ɗorawa, ɗayar shiru.

Ta ce, "Seu Ubiratan, wacce ke ci?"

Ya ce, "Malama, ba wasa muka zo ba. Ga ta nan ta hagu."

"Dona Jucélia, ta daman fa? In sifirit ɗinta ya yi ƙasa, a ƙara mata?"

Jucélia ta ce, "Tunda a mace take, sai a ƙara. Ni dai ba wannan ya kawo ni ba."

Leuza ta tsinci busasshen ganyen rake, dogo, ta miƙa shi saman fitilar dama. Fuu! Ya kama ci, har wata mata ta yi ƙara. Ta yar a yashi ta take. Ta ce, "Duk biyun na kunna. Wannan na sa mata gishiri, wannan ban sa ba. Yara talatin nake tsugunarwa a nan. Ba zan bar su kusa da wutar da ba sa gani ba." Ta kife murfi a kan ta daman. Iyakar bayaninta ke nan, ta yi shiru abinta.

Ni ce ban iya shiru ba. Na ce, "Ku tambaye ta ina ta koyi wannan! Kai Seu Nivaldo da ke laɓe a baya, ba kai ka ɗauki Dona Quitéria a amalanke zuwa asibiti ba? Ka manta ne, ko wayarka ce ba ta rubutu?" Tsohon ya cire hula ya sunkuyar da kai. Leuza ta ce, "Comadre, ya isa." Na ce bai isa ba, na faɗi labarin duka. Ta yi fushi da ni kwana da kwanaki, ban damu ba.

Jucélia ta sauke hannuwanta. Fuskarta ta canja, ta ce a hankali, kamar da kanta take, "Jiya-jiyan nan na ƙara a nawa. A bayan shago. Yarinyar tana tsaye kusa da ni." Babu wanda ya yi dariya. Rabin matan da ke wurin sun san gwangwanin da take nufi.

Jami'ar ta ce tunda an taru, tana son ganin gwajin har ƙarshe. Ta tambaya ko gishirin ba ya ɓata awo. Leuza ta ce gishiri ba ya ƙonewa, launi kawai yake ba wuta, kuma da shi ake auna fitilar kafin da bayan. Sai ta miƙa wa Jucélia ma'aunin zafi. "Riƙe nan. Kar ya taɓa gindin gwangwani, zafin ruwa muke so ba na ƙarfe ba." Jucélia ta riƙe da farcenta masu ja, tana kiran lamba da ƙarfi kamar mai gwanjo, wani mahauci yana karanta sikeli, Leuza tana lissafi da tsinke a kan yashi. Da amsar ta fito ƙasa da ta littafi, mahaucin ya ce an yi maguɗi. Leuza ta ce, "Iska ce ta sata, kai ƙara ofis." Nan ne aka fara dariya. Na koma kicin na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka na more, wakena har ya kama.

Jami'ar ta ce Leuza ta koma aji washegari, an kuma sabunta mata kwantiragi. Ana watsewa na fito, na ji Jucélia ta matsa tana tambaya, wai in ta sa gishiri a gwangwaninta na gida shi ke nan? Leuza ta ce, "A'a. Gishiri ba lasisi ba ne. Ki kife masa murfi, ki jira ya huce har ki iya taɓawa, sannan ki ƙara. In da hali ma ki zo ki dafa a gidana." Kun ji matar da aka ce mayya ce.

Juma'ar da ta wuce na leƙa ta taga, ga ta can a gindin mangwaro cikin fararen kaya, tana bin fitilu da gishiri, tana yi wa wani yaro tsawa ya ɗaure igiyar takalminsa. Na ce Allah na gode maka. Sai kuma na lura har yanzu a mararrabar take, a ƙasa, a cikin rana.

Saboda haka ga abin da nake nema. Dona Jucélia, kin je gidan Leuza kin ba ta haƙuri a ɓoye da faranti na kek, na sani, har na ci. Amma ba a ɓoye kika ɓata ta ba. Ki ɗauki wayarki ki yi magana a guruf ɗin nan, da muryarki, da hakin nan naki, ke da duk wanda ya tura hoton gaba. Seu Ubiratan, kai da ka ce ka san ba haka ba ne kuma ka kore ta, ka tsaya gaban ɗalibai ranar Litinin ka faɗi hakan da bakinka. Ku kuma na ofishin ilimi, kun ga rufin nan da idonku ranar taro, ni na nuna wa jami'arku. Ku aiko a gyara shi kafin damina, a kwashe siket da malafuna, a ba Malama Edileuza makullin ɗakinta a hannu.